Aikin Maƙogwaro Ido Biyu a Kujerar Likita: Wa Ya Dace da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni malamar makaranta ce, shekaruna sun haura arba'in. An gano ina da tsiron papiloma a maƙogwaro, an kuma sha shiga da ni ɗakin tiyata ana sa ni barci ana cirewa, amma bayan 'yan watanni sai murya ta sake dushewa. Yanzu likitan da nake gani ya ce zai riƙa yi min aikin ina zaune ido biyu, da wani siririn bututu ta hanci da hasken leza. Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Wannan aiki ne na ƙwarai ko rage zafi kawai? Yaya mutum zai jure a taɓa masa maƙogwaro yana farke? Kuma me ya sa ba a yi min haka tun farko ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara sauƙi.

Bari in fara cire miki kokwanto a kan tambayarki ta farko. Aikin da likitanki ya kawo shawararsa aiki ne na ƙwarai, kuma in za a jera cututtukan da wannan hanya ta fi yi wa rana, naki yana sahun gaba. Sai dai yana da sharuɗɗa da iyakoki, ina kuma so ki san su kafin ki zauna a kujerar. Na fi son mara lafiya ya amince da aiki don ya gane shi, maimakon a ce masa kawai kada ya damu.

A cikin maƙogwaro, daidai bayan zakaran wuya, akwai tantanin murya guda biyu, na dama da na hagu. A yawancin mata tsawon kowanne bai kai santimita 2 ba, na maza kan ɗan ɗara haka. Idan kina numfashi suna buɗewa iska ta wuce, idan za ki yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta bi ta tsakaninsu ta sa su karkarwa, wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya ga mace, sau 100 da ɗoriya ga namiji. Abin da ke karkarwar shi ne fatar sama da wani shimfiɗi mai taushi da ke ƙarƙashinta, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Likitan Japan Minoru Hirano ne ya fayyace wannan tsari a shekarun 1970, kuma tun daga lokacin duk mai aikin murya ya san cewa daɗin muryar mutum a wannan ɗan shimfiɗin yake. Idan ya yi tabo ya sandare, har yau babu wani magani ko tiyata da ke mayar da shi yadda yake tun asali. Ki riƙe wannan, domin a kansa duk sauran maganar ta rataya.

Papiloma kuwa ƙwayar cutar HPV ce ke kawo shi, galibi nau'i na 6 da na 11. Dangin tusar jaki ne da ke fitowa a fata, sai dai shi ya zaɓi wuri mai tsada. Ƙwayar ba a cikin tsiron kaɗai take ba, tana kwance har a cikin fatar da ido ke gani lafiya lau a kewayensa. Kamar ciyawa ce da ake yanke kanta saiwar tana ƙasa. Saboda haka dawowar tsiron ba ta nufin likitocin baya ba su iya aiki ba, halin ciwon ne. Tunda babu aikin da zai tumɓuke shi baki ɗaya, burinmu abu biyu ne: hanyar numfashi ta zauna a buɗe, murya kuma ta kasance mai amfani yau, ba tare da mun lalata tantanin da za ki nema nan da shekara ashirin ba.

A nan ne ɗakin tiyata ke da wata illa da ba a cika faɗa ba. Saboda sa mutum barci abu ne mai nauyi, ga azumin abinci, ga neman mai rakiya, ga barin aiki, mara lafiya kan yi ta haƙuri har sai murya ta ɗauke kafin ya yarda a sake. Shi kuma likita, ganin an riga an sa mutum barci kuma ba a son dawowa da wuri, hannunsa kan so ya share komai tas. Sharewa tas sau ɗaya ba ta da laifi. Sharewa tas sau goma, sau ashirin, ita ke barin mutum da maƙogwaro mai tsabta amma murya a ƙeƙashe. Aikin kujera yana sauya wannan lissafin. Ana taɓa tsiron tun yana ƙarami, a taɓa shi sama-sama, in ya ɗago a sake taɓawa, mutum kuma bai bar harkokinsa ba sai na yini guda. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa ya dace da ke, ya fi ma batun kauce wa allurar barci muhimmanci.

Yi wa mutum aiki a maƙogwaro yana farke ba sabon abu ba ne, da shi ma aka fara. A 1854 wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, ya ga tantanin muryarsa da ɗan madubi da hasken rana. Cikin 'yan shekaru Ludwig Türck da Johann Czermak suka mayar da madubin kayan aikin likita, a farkon shekarun 1860 kuma Victor von Bruns a Jamus ya ciro tsiro daga maƙogwaron ɗan'uwansa ta baki. A wancan zamani babu maganin kashe wuri, sai dai a yi ta sabar wa mara lafiya da taɓawa kwana da kwanaki har maƙogwaronsa ya daina yunƙurin amai. A 1884 aka fara shafa koken, wato sinadarin hodar iblis, don kashe jin wurin. Daga baya aikin ya koma ɗakin tiyata, musamman daga shekarun 1960 da Oskar Kleinsasser ya yaɗa amfani da madubin ƙara girma, aka samu damar aiki da hannu biyu a kan tantanin da ba ya motsi. Abin da ya dawo da shi kujera shi ne na'urar leƙe mai lanƙwasa. Sawashima da Hirose a Japan suka fara leƙa maƙogwaro da irinta a 1968. Wajen shekarar 2000 aka samu masu ƙaramar kyamara a kan bakinsu, hoto ya fito tangaran, sannan aka samu leza da ke bi ta siririn zaren gilashi. Steven Zeitels da abokan aikinsa a Boston suna cikin waɗanda suka nuna a tsakiyar shekarun 2000 cewa ana iya yi wa papiloma aiki da leza mutum na zaune.

Dalilin da ya sa ba a fara miki da shi ba yana iya zama rashin kayan ko rashin wanda ya ƙware, amma ko da komai na nan, ni ma da barci zan fara. A aikin farko ana bukatar a ɗebi nama isasshe a kai ɗakin gwaji don a tabbatar papiloma ne ba wani abu ba. Ana bukatar a duba kowane lungu, har ƙarƙashin tantanin da cikin bututun numfashi, a san iyakar inda ya yaɗu. In kuma tsiron ya yi yawa, ɗakin tiyata ne wurin rage shi. Kujera ta fi kyau wajen riƙe abin da aka riga aka sani aka kuma rage. Tsarin da aka bi da ke bai saɓa hankali ba.

Ga yadda ranar aikin take. Za ki zauna a miƙe a kujera, kin ɗan sunkuyo gaba kin ɗaga haɓa. Za a duba wace ƙofar hanci ta fi faɗi, a fesa ko a cusa auduga mai maganin da ke motsar da kumburin hanci tare da lidoken mai kashe ji, a jira 'yan mintuna. Na'urar leƙen da ake aiki da ita kaurinta wajen milimita 5 ne, ta ɗan fi wadda aka saba duba ki da ita, domin a cikinta akwai wata kafa mai faɗin milimita 2 da ake zura kayan aiki. Za ta bi ƙasan hanci, ta lanƙwasa ta bayan ganɗa, ta sauko ta tsaya a saman maƙogwaro. Komai yana fitowa a allo, da yawan marasa lafiya ma suna kallo tare da mu.

Sai a zo kashe maƙogwaron kansa, kuma nasarar aikin duka a wannan matakin take. Likita zai ce ki ja "iiii" ki riƙe, shi kuma yana ɗiga lidoken ta cikin kafar a kan tantanin da ke karkarwa. Za ki ji sautinki ya koma kamar na kurkure, maganin yana fantsama ko'ina. Ɗigon farko kan sa tari, yana da ɗaci, idanu su kawo ruwa. A na biyu tarin ya ragu, a na uku sau da yawa babu. Daga nan za ki ji kamar wani abu ya tokare miki wuya, kamar ba ki iya haɗiye yawu, wasu har su ji kamar numfashi ba ya shiga. Wannan jin shi ya fi tsorata mutane, don haka nake gaya wa kowa tun kafin a fara: hanyar iskarki a buɗe take, muna kallonta a allo, jin iskar ne kawai ya ɗauke. Wanda aka gaya wa tun farko yakan wuce wurin lafiya. Wanda abin ya zo masa ba zato shi ne kan miƙe daga kujera.

Maganin yana da awo. Lidoken mai ƙarfin kashi 4 cikin 100 yana da miligiram 40 a kowace mililita, kuma ana ƙoƙarin kada a wuce miligiram 4.5 a kowane kilo na nauyin mutum, wato mililita 7 zuwa 8 ga mai kilo 70. Ƙwararren hannu ba ya ma kaiwa nan, domin in aka cika maganin yawu kan taru ya riƙa gangarawa bututun numfashi, tari ya dawo, aiki ya gagara. Bayan wurin ya mutu, lokacin da likita ke da shi bai fi minti goma sha biyar zuwa ashirin ba. Shi ya sa aikin kujera gajere ne ko ana so ko ba a so, shi ya sa kuma ba a kawo masa tsiron da zai ci sa'a guda.

Za a ba ki tabarau na kare ido, kowa a ɗakin zai saka, da takunkumi saboda hayaƙin. Zaren lezan, wanda kaurinsa wajen rabin milimita ne, zai leƙo daga bakin na'urar. Wadda aka fi amfani da ita ita ce KTP, haske kore mai tsawon zango nanomita 532. Kafin ita an yi amfani da mai 585, yanzu kuma akwai shuɗiya mai 445. Abin da ya haɗa su shi ne jan launin jini yana shanye haskensu sosai fiye da naman da ke kewaye. Papiloma kuwa cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, in kika dube shi a allo za ki ga ɗige-ɗige ja a kan kowane ƙullutu. Idan aka harba hasken a gajerun bugu, jijiyoyin suna toshewa, tsiron ya yi fari fat nan take, wani ya ɓare a goge shi da bakin zaren, sauran ya bushe ya zube cikin kwanaki. Ana sa bugun ya zama gajere ne don zafin ya huce kafin ya nutsa zuwa shimfiɗin nan mai taushi. Kada dai a ɗauka wannan leza ba ta ƙuna. In aka daɗe a wuri ɗaya ko aka ƙara ƙarfi, tana yin tabo kamar kowace. Na'urar tana ba da dama ne kawai, haƙurin mai riƙe da ita ke kare murya.

Akwai wuri ɗaya da nake so ki tambayi likitanki a kansa: kusurwar gaba, inda tantanin biyu suka haɗu. In aka yi wa gefen dama da na hagu rauni a wannan kusurwa rana ɗaya, suna iya mannewa wajen warkewa su yi wata fata kamar yanar gizo-gizo a tsakaninsu, murya ta siranta, gyaranta kuma akwai wuya. Saboda haka in tsiron ya kama ɓangarorin biyu a gaba, akan yi gefe ɗaya a bar ɗayan sai bayan makonni. In ya ce miki ya bar wani abu da gangan, ba sakaci ba ne. Wannan ma wata fa'idar kujera ce, domin raba aiki gida biyu ba ya nufin barci biyu.

Batun zafi, ba zan ce miki babu komai ba. Mafi yawan mutane hancin ne ya fi damunsu, matsi a daidai inda na'urar ke wucewa. A maƙogwaro kuma ɗumi ne ko zafi kaɗan idan lezan ta daɗe, sai warin ƙuna. Fiye da tara cikin goma na waɗanda aka fara wa irin waɗannan ayyuka ana kammala musu. Sauran akan tsaya ne saboda yunƙurin amai, tari ko fargaba, kuma tsayawa ba abin kunya ba ne, sai a sake rana ko a koma ɗakin tiyata. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa in kika ɗaga hannu zai dakata. Aikinki shi ne numfashi a hankali ta hanci, kafaɗu a sake, in yawu ya taru ki yi alama a ba ki damar haɗiyewa.

Matsalolin da kan faru yawanci ƙanana ne: haɓo, jiri ko suma na ɗan lokaci, ciwon wuya na kwana ɗaya ko biyu. Lokaci-lokaci tantanin kan damƙe na 'yan daƙiƙoƙi numfashi ya yi ƙara, ya saki da kansa. In lidoken ya yi yawa a jini alamunsa su ne ƙugi a kunne, ɗanɗanon ƙarfe a baki, leɓɓa su yi nauyi, kai ya yi juyi, kuma da kin ji ɗaya ki faɗa. Abin da aka fi yi wa sakaci shi ne hawan jini. Bugun zuciya da awon jini suna tashi sosai a lokacin aikin, ko ga wanda ya zauna shiru kamar ba abin da ke damunsa, musamman masu manyan shekaru. Don haka ina ganin wajibi ne a auna jini kafin a fara, mai ciwon zuciya kuma a sa masa na'urar lura har a gama. Kasancewar ba a ɗakin tiyata ake ba bai halatta a yi shi a ɗakin da babu iskar oksijin, na'urar zuƙe majina da kayan ceton gaggawa ba. Masu shan magungunan tsinka jini sau da yawa ba a dakatar musu saboda wannan aiki, amma shawarar ta likita ce, kada mutum ya tsayar ko ya ci gaba da kansa.

Tunda wasu masu karatu ciwonsu daban ne, bari in taɓa wani aikin kujera da nake ganin ya fi kowanne nuna amfanin farkawar mara lafiya, wato allurar cika tantanin da ya shanye. Jijiyar da ke motsa tantanin murya tana yin doguwar tafiya. Ta hagu har ƙirji take sauka, ta zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya, sannan ta hauro. Shi ya sa tiyatar maƙoƙo, tiyatar zuciya ko ƙari a huhu ke iya taɓa ta. In ta samu rauni tantanin gefen ya tsaya cak, ɗayan ya kasa kai masa, iska ta riƙa zurarewa. Mutum ya yi magana biyu ya huta, tarinsa babu ƙarfi, ruwa yana sarƙe shi. Da can akan ce ya jira wata shida zuwa shekara ko jijiyar za ta farfaɗo. Yanzu ba a barin mutum cikin wannan hali yana jira. Ana leƙawa ta hanci, a shigar da allura ta fatar wuya ko ta baki, a zuba wani abu mai kauri a gefen tantanin ya turo shi tsakiya. Wilhelm Brünings ya fara wannan dabara a 1911 da farafin, daga baya aka yi ta amfani da Teflon, wani nau'in roba, har aka ga yana haddasa ƙullutu mai wuyar cirewa aka bar shi. Na yanzu jiki yana shanye su, wani cikin wata biyu zuwa uku, wani ya haura shekara. Likita na zubawa yana cewa "ƙirga ɗaya zuwa biyar", yana jin muryar tana cika, ya tsaya daidai inda ya kamata, da ɗan ƙari saboda abin da zai shanye. Mai barci ba zai ƙirga maka komai ba. Na sha ganin mutum ya ji muryarsa ta dawo allura na wuyansa, hawaye ya zubo masa, kuma har yau abin yana taɓa ni.

Ana kuma yin allurar Botox, maganin da ke sassauta tsoka, ga masu ciwon da ke sa murya tana yankewa tana maƙalewa, wadda Andrew Blitzer ya fara a 1984, ana maimaita ta duk wata uku zuwa huɗu. Ana yin allurar sitiroyid a tabo ko a ƙuncin da ke ƙasan tantanin murya. Ana rage kumburin tantanin masu shan taba da ƙananan tsiro masu jini.

Ɗibar nama don gwaji tana bukatar gargaɗi na musamman. Hantsakin da ke bi ta kafar milimita 2 ɗan mitsitsi ne, abin da yake gutsurowa sau da yawa fatar sama ce kawai. In sakamako ya ce ciwon daji ne, a yarda da shi, an kuma samu amsa da wuri ba tare da barci ba, wanda babban alheri ne ga mai raunin zuciya ko wanda gashin ciwon daji ya sandarar masa da wuya da muƙamuƙi. Amma in ya ce babu komai alhali idon likita bai gamsu da wurin ba, magana ba ta ƙare ba, dole a shiga ɗakin tiyata a ɗebo mai zurfi. Wannan ya shafe ki ta wata fuska. Leza tana ƙone tsiro ne, ba ta barin abin da za a kai gwaji. Papiloma a wasu 'yan tsiraru yana rikiɗa ya zama ciwon daji, haɗarin ya fi ga masu shan taba da waɗanda ya sauka musu huhu. Don haka duk ranar da kamanninsa suka sauya, ya yi tauri, ya yi gyambo, ko tantanin ya rage motsi, a ɗebi nama kafin a harba haske. Likitan da ke ajiye hoton kowane zuwa yana kwatantawa da na baya, shi ne wanda zai lura.

Inda ba na goyon bayan kujera ma ya kamata ki ji. A kujera likita hannu ɗaya yake aiki da shi a zahiri, a kan abin da ke motsi da kowane numfashi da haɗiya. A ɗakin tiyata tantanin a tsaye yake, an ƙara girmansa, hannu biyu na aiki. Saboda haka ƙullutun ruwa da ke binne cikin tantanin, wanda sai an ɗaga fata an zare shi ba tare da ya fashe ba, wurinsa ɗakin tiyata. Haka babban tsiro, haka duk abin da ya riga ya ƙuntata hanyar iska, domin leza kan sa wuri ya ɗan kumbura kafin ya saɓe, kuma hanyar da ta rage kaɗan ba ta da wurin kumburi. Ƙananan yara ba sa zama. Mai karkarwar kai ko wanda ko burushi ke sa shi yunƙurin amai, da wuya. Ɗakin tiyata shi ma yana da nasa: ƙarfen da ake buɗe maƙogwaro da shi yana iya taɓa haƙori, ya bar harshe da nauyi ko sauyin ɗanɗano na makonni. Kamannin ciwon da lafiyar mai shi ne ya kamata su yi zaɓin, tsoron barci shi kaɗai bai isa hujja ba. Ke ma wataƙila wata rana tsiron ya ɓuya a lungun da na'urar ba ta kai ba a ce a koma barci sau ɗaya, hanyoyin biyu tare suke tafiya.

Kafin ranar, ki tambaya ko za ki ci wani abu. Wurare da yawa sun fi son a ɗan ci abu marar nauyi sa'o'i kaɗan kafin aikin, domin mai yunwa ya fi saurin suma. Ki faɗi duk magungunan da kike sha, da ko maganin kashe wuri ya taɓa ba ki matsala, ko a wajen likitan haƙori ne. Bayan an gama kada ki ci ko ki sha komai na wajen sa'a guda, sai jin maƙogwaro ya dawo, in ba haka ba za ki sarƙe ba ki sani ba. Ki fara da kurɓin ruwa.

Muryar takan ƙara dushewa a kwanakin farko, kada wannan ya karya miki gwiwa, sai bayan mako biyu zuwa huɗu ake yanke hukunci a kan sakamakon. Likitanki zai faɗi kwanakin hutun murya. Raɗa da ƙarfi ba hutu ba ce, haka yawan gyaran murya. Tunda aikinki na aji ne, ki nemi a sa ranar a ƙarshen mako ko gab da hutu, ki kuma nemi ƙaramar lasifika ta ratayawa, ta fi kowane magani rage wa malami wahalar murya. In akwai mai horar da murya a inda ake duba ki, ki gan shi, domin wanda ya daɗe da dushewa yakan koyi matse wuya, matsin kuma ba ya tafiya don an cire tsiro.

Ki kuma tayar da maganar abin da zai tsawaita tazarar dawowarsa. Rigakafin HPV da ya ƙunshi nau'i na 6 da na 11 ya fito a 2006, kuma a Ostireliya, wadda ta fara yi wa 'yan mata shi a faɗin ƙasa a 2007, sabbin yara masu wannan ciwo sun ragu ƙwarai. Ga wanda ya riga ya kamu rigakafin ba ya warkarwa, amma ƙananan bincike sun nuna tazarar da ke tsakanin aiki da aiki tana ƙaruwa ga wasu, shi ya sa likitoci da dama ke ba da shi. Akwai kuma bebasizumab, maganin da ke hana sabbin jijiyoyin jini tsirowa, wanda ake iya yin allurarsa a wurin a zama ɗaya da lezan, ko a ba da shi ta jijiya ga wanda ciwonsa ya tsananta.

Bayan aikin, in kika ji numfashi yana ƙara ko yana wuya, ko jinin da ya wuce ɗan ɗigo a cikin kaki, ko zazzaɓi da ciwon haɗiya mai ƙaruwa, kada ki jira ranar komawa, ki tafi asibiti a lokacin. Allah ya ba ki lafiya, Malama.